Sunan Garin da Dada Ta Ba Nasara Ajiya

Mu a gidanmu wutar tatsuniya ta damina ce. Idan masara ta nuna, aka sauke tuwon magariba, kakarmu Dada ba ta bari a kashe murhu. Sai ta kwaso garwashin a kasko ta kawo bakin ɗakinta, ta yaɓa ɗanyen ganye a gefe don hayaƙi ya kori sauro, ta jera masara a kai. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na gadin tasa da ido, don a cikinmu akwai ɓarayi. Zamanin Turawa ne, Jalingo ba ta wuce ka zagaye ta da ƙafa ka dawo tuwonka bai huce ba. Gidanmu na marina ne, warin baba ya kama mana har tabarmi, kuma har yau in na ji ƙanshin gasasshiyar masara sai hancina ya nemi wannan warin a gefensa.

Ta wajen uba mu Kanawa ne, kuma ba ma bari a manta. Babana in ya sami baƙo sai ya jero kakanninsa, wane ya haifi wane, har ya kai ga wanda ya fara haƙa karofi a Kano. Amma in an zo ta wajen mahaifiyarsa, wato Dada, sai ya gyara hula ya tambayi baƙon ya hanya. Sunanta Kyauta, sunan da aka sa mata a wani gidan Fulani inda ta tashi tana wanke ƙorai. Ba wanda ya taɓa furta kalmar bauta a gidanmu, amma ko yaron goye ya san a ƙuruciya aka ɗauko ta daga wani ƙauyen dutse, kuma bayan ta sami 'yanci ne kakanmu ya aure ta. Da salla kowace tsohuwa a unguwa tana yin baƙi daga garinsu. Dada kuwa sai ta yi kwalliya ta zauna, ba mai zuwa.

Hausarta a kasuwa ta tsince ta, Fulatanci ne ya zauna mata a baki. Mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta, mu kuwa abin nema ya samu.

"Ga shi nan, ga shi nanku," in ji ta.

Sai mu kwashe da dariya. "Dada, tatsuniya ai mace ce!"

"Mace ne, namiji ne, ku dai ku karɓa. Kai mijina, rufe baki, ƙuda zai shiga."

Ni ne mijin nata, don sunan kakanmu aka sa mini. Sai mu ce to, ya zo mu ji shi.

Tana da tatsuniyoyin kura da zomo masu sa mutum ya riƙe ciki, amma akwai wata guda da take komawa kanta duk damina, ni kuwa na tsane ta. Wai wata yarinya ce ta bi uwarta rafi, ruwa ya cika ba zato ya tafi da ita. Ba ta mutu ba, mutanen ƙarƙashin ruwa suka tsince ta suka sa ta daka da shara. Suka ce mata ranar da ta yi tsawon da kanta zai fito saman ruwa, in ta kira sunan garinsu sau ɗaya, ruwa zai mai da ita gida. Sai yarinya ta lura duk lomar da ta ci ta abincinsu, sunan yana ƙara sulɓe mata. Da yake mai wayo ce, sai ta lalubi ƙafar wata balbela da ta sauka shan ruwa, ta raɗa mata sunan, ta ce ta ajiye mata har ta girma. Balbela ta cusa shi a ƙarƙashin fiffike ta tashi. Yarinya ta girma, kanta ya fito, ta buɗe baki, babu komai a ciki. Tun daga ranar tana nan tsaye, ruwa iya wuya, duk farin tsuntsun da ya gifta sai ta ce, farin tsuntsu, ina ajiyata?

"Sai me, Dada?"

"Sai shi ke nan. Yana can yana jira."

"Balbelar ba ta dawo ba?"

"Bai dawo ba tukuna. Mijina, masara ɗinka yana ƙonewa."

Haushi yakan kama ni, don duk tatsuniya tana da marfi ban da wannan. Na sha ce mata in ta manta ƙarshen ta faɗa, mu ƙirƙiro mata, sai ta dungure mini kai.

Wata rana yayyafi ya kori sauran yara, ni na tsaya saboda kwaɗayin masarar da suka bari. Muna raɓe a ƙofar ɗaki sai ta soma magana, ba ga shi nan, ba komai. Ta ce lokacin da Turawa suka zo, tana yarinya, an tara irinsu a gindin wata tsamiya. Nasara yana zaune a bayan tebur da wani babban littafi, tafinta na tsaye a gefensa. Kowa aka kira sai a tambaye shi sunansa da garinsu, a rubuta, a ce masa ya zama ɗa.

"Ya tambaye ni gari namu, na gaya masa," ta ce. "Na tuna baki na ya buɗe. Da ido na na ga alƙalami yana tafiya. Ni yanzu ya ɓace mini, ko harafi ɗaya babu. Amma yana wurinsu. Nasara ba ya yar da takarda."

Na ce to me ya sa ba ta je ta tambaya ba. Ta dube ni ta yi wata 'yar dariya. "Ni? Kyauta? In shiga bariki in ce me?"

Ban fi shekarun kamun fara ba, amma na gane wace ce a cikin ruwan, kuma na gane balbelar.

Shekarar da mai unguwa ya zo neman yaran da za a kai elementare, iyaye suka yi ta ɓoye 'ya'yansu. Babana ya zura ni cikin wani busasshen karofi ya rufa da tabarma. Dada ce ta zo ta yaye tabarmar, ta kamo hannuna ta kai ni har gaban mai unguwa. Babana ya daɗe ba ya cin tuwon ɗakinta, ko a jikinta. Ranar da zan fara zuwa, tana ɗaure mini gyaɗa a tsumma, ta ce, "Ka koyi rubutun Nasara da kyau, mijina. Ka karɓo mini ajiya na." Wasu sun yi boko don a tilasta musu, wasu don su sa wando da takalmi. Ni aike aka yi mini.

Na gama elementare, na yi midil, na dawo aka ɗauke ni malamin ofis. A bayan ofishinmu akwai wani ɗaki da aka jibge tsofaffin littattafai, rufin na yoyo, jemagu sun mai da shi gida, gara kuwa ta fi kowa karatu a cikinsa. Kullum aka tashi aiki sai in shiga in yi ta juya shafi ina atishawa. Na ga littattafan haraji, na jangali, na shari'ar gona da ta akuya. Damina ta wuce, wata ta zo, Dada ta soma laluben bango saboda idanunta sun dushe, amma duk na dawo sai ta juyo da fuskarta wajen ƙarar kekena. Ni kuwa sai in jingine shi in wuce ɗaki.

Ran nan na ɗaga wani littafi da gara ta cinye masa baya, sai ga sunaye a jere na waɗanda aka 'yanta. Alheri, Nagode, Arziki, Kyauta, wata Kyauta, duk sunayen da ba uwa ce ta raɗa ba. Tata na gane ta da sunan mai gidan da ta fito, wanda ta sha ambata mana. Na bi layin da yatsa har gurbin da aka ware don gari. An rubuta shi da babban baƙi, tsaf, ko gara ba ta taɓa shi ba: Mianda.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da ita a bakin ɗaki, kasko a gabanta, ƙananan jikoki sun kewaye ta. Na jingine keke na durƙusa.

"Dada, balbela ta dawo."

Ta ajiye masarar da ke hannunta. "Faɗa mini."

"Miyanda. Sunan garinku Miyanda."

Yaran suka kalli juna. Ta ce in sake faɗa, na sake, ina jan kowane harafi kamar mai karanta wasiƙar sarki. Sai ta gyaɗa kai a hankali.

"E," ta ce. "Abin da na gaya masa ke nan."

Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce useko, wato na gode, Allah ya yi mini albarka. Ta sa aka ba ni masarar da ta fi kowace girma. Na ga hawaye a fuskarta, na ce na murna ne. Na yi ta zuba, ina cewa da rafuka sun janye zan nemo hanyar Miyanda, in ɗauki hayar jaki in kai ta ta gaisa da danginta. Ta ce, "Kar ka wahalar da kai naka, mijina." Daga ranar ba ta sake yin tatsuniyar balbela ba, ko yara sun roƙa sai ta ce ta manta. Kafin a yanke dawa ta rasu.

Na ɗauki alkawarin a kaina, na ce ko gaisuwar mutuwa ce sai na kai wa mutanen Miyanda. Na duba taswirar ofis, babu. Na tambayi masu karɓar haraji da suka taka kowane dutse a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa ji. Na tambayi 'yan ƙabilar Mumuye masu kawo doya kasuwa, na hau dutsen Kona na zauna da tsofaffi, kowa ya juya sunan a bakinsa ya girgiza kai. Sai in ce wa kaina ƙila garin ya tashi, ƙila an sake masa suna. Har abokan aiki suka sa mini Sarkin Miyanda, ni kuwa ina amsawa.

Wata rana da hantsi na sauka daga keke zan haye rafin Mayo Gwoi, sai na tarar da wata tsohuwar Bafulatana da jikarta sun sauke ƙoran nono suna hutawa a kan yashi. Tambayar ta riga ta zame mini kamar gaisuwa.

"Sannu, Goggo. Ku da kuke yawo da shanu, ko kin san wani gari wai shi Miyanda?"

Ta girgiza kai ta ce, "Mi anda."

Na yi wuf na ce, "Yawwa, shi fa! Ta ina yake?"

Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta sake cewa, "Mi anda."

Jikar ta rufe baki tana dariya. "Malam, cewa ta yi ba ta sani ba."

Ba sai an fassara mini ba. A Jalingo aka haife ni, kalmar nan na ji ta ba iyaka, ni kaina na sha faɗar ta a kasuwar shanu. Amma na gan ta a takarda, da babban baƙi, a gurbin gari, da hannun Nasara, sai idona ya karanta, kunnena bai ji ba. Na saki keken ya faɗi, na zauna a kan yashi. Tsohuwar ta tsorata ta miƙo mini nono a ludayi, na kasa karɓa.

Yarinya ce ƙarama a gaban tebur, harshen uwarta ya riga ya tafi, Fulatanci kaɗai ya rage mata. Aka ce ina ne garinku, ta ce ban sani ba. Ko tafinta ya juya baya ne, ko ya gaji, Allah ne masani, alƙalami dai ya rubuta abin da kunne ya ji. Ita kuwa ta girma ta manta abin da ta faɗa, ta riƙe buɗe baki da tafiyar alƙalami kawai, ta rayu a kan cewa sunan yana can a ajiye. Da wannan ta yi aure, ta haihu, ta yi kwalliyar salla tana zaune ba baƙo. Ranar da na durƙusa a gabanta ina jan harafi, ita da Fulatanci ya zauna wa a baki ta ji shi tun a faɗar farko. Ba ta yi mini ƙarya ba, abin da ta gaya masa ke nan. Ta dai ga mijinta na murna, sai ta ba shi masara.

Ina yaro haushin tatsuniyar nake ji don ba ta da ƙarshe. Yau da na san ƙarshen, wallahi na gwammace da an bar ta a buɗe. Balbela ta dawo, ta ɗaga fiffike, babu komai a ƙarƙashinsa, kuma tun farko ba a sa komai ba. Babu littafin da ya rage in buɗe, babu tsohon da ya rage in tambaya. Akwai wata uwa a kan wani dutse da ta mutu tana kiran wani suna, ban san sunan ba, ban san dutsen ba, kuma jininta ne ke yawo a jikina. Wannan abu yana cina, kuma tsufa bai rage shi ba.

Yanzu ni ke jawo kasko da damina. Kwanan baya wata jikata ta ce in jero musu kakanni, na jero na Kano tiryan-tiryan kamar yadda babana yake yi. Da na kai ga Dada hannuna ya tafi wajen hula, sai na mai da shi.

"Ita 'yar ina ce, Kaka?"

"'Yar Miyanda."

"Ina ne Miyanda?"

Na juya masarar da ke kan wuta, na ce mata, "Ban sani ba."