Man Riɗin Ponnutayi

A ƙauyensu da ke kusa da birnin Madurai, babu jaririn da Ponnutayi ba ta murje da man riɗi ba. Ta tsufa a kan wannan aiki, gashinta kuwa har yau baƙi wuluk.

Jikanta Welusami yana aiki a birni, in ya zo gidan da take zaune ita kaɗai ba ya son kwana. A ƙauyen kuma kowa ya san in matafiyi ya yi karo da mai jiƙaƙƙen kai da mai, tafiyar ba ta da sa'a, sai ya koma ya zauna. To, da zarar ya saɓa jaka, sai ga tsohuwa a bakin ƙofa, mai yana ɗiga daga kanta har wuya.

"Haba Kaka! Mata ai Talata da Juma'a suke shafa mai. Yau Lahadi!"

"Kaina ke ƙaiƙayi, ɗan nema. Shi ƙaiƙayi ya san Lahadi ne?"

Suna cikin musu motar birni ta wuce. Ya shiga madafa yana ƙunƙuni zai sha ruwa, sai ya tarar tun da safe ta jiƙa shinkafar wainar gobe, ta mutum biyu.