Jarkar da Ban Ajiye Ba

Tun ina yarinya a Agege an sha kai ƙarata gida kan faɗa, don ni bakina ba shi da linzami, amma ba a taɓa kai ni kan sata ba. Sai ga shi da girmana, da 'ya'yana uku, an kira ni ɓarauniya a gaban mata kusan arba'in.

Wani wasan kwaikwayo mai dogon zango ne ya jawo mini. Akwai wani tela a cikinsa, saurayi mai kunya, wanda duk matan unguwarmu suka ɗauka tamkar ƙaninsu. Rana ɗaya masu shirin suka kifar da kwale-kwale da shi, suka ce ya mutu, ko gawa ba su nuna mana ba. Haba! Ranar maƙwabciyata har tuwonta ya ƙone. Mu da abin ya fi ci wa rai muka buɗe zaure a waya, kowace tana rubuta ci gaban labarin yadda take ganin ya dace, tana turowa babi-babi, saura su karanta su yaba ko su kushe.

To, mata arba'in a bakin rijiya ɗaya, ai dole guga ya sarƙe. Ba a yi wata ba, mutum uku suka tayar da telan suka aura masa 'yar mai gidan haya, kowace tana rantsuwa ita ta fara. Shugabar zauren, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta kawo doka daga layin famfo. A unguwarmu idan ruwa ya zo ba a tsayawa a layi, jarka ake ajiyewa a tafi harkar gaba, kuma kowa ya san gurbin kowa. Hajiya ta ce duk wadda dabara ta faɗo mata, ta rubuta layi ɗaya a zaure, ta ce ta ajiye jarka a kan abu kaza. Daga nan dabarar tata ce, ba mai taɓawa.

Ni ban ajiye ba. In faɗi gaskiya, girman kai ne da tsoron baki. Dabarata ta yi mini kyau har ina ganin in na nuna gefenta za a cinye ta da ido. A nawa labarin telan bai mutu ba. Ruwa ya jefo shi gaɓa, amma kayan sallar mutane da ke hannunsa duk sun tafi, kunya ta hana shi komawa gida, sai ya hau tirelar shanu ya yo Legas. A wuyansa kuma akwai makullin akwatin mahaifiyarsa, ita kuwa ta hana a fasa akwatin, ta ce wanda ya tafi da makullin shi zai dawo ya buɗe. Wannan makullin shi ne abin alfaharina.

Babi goma sha biyu na rubuta a littafin makarantar 'yata, ina ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Maigidana fata yake saye a kwata, na dame shi da tambaya kan yadda ake zama a kan katako sama da ƙahonin shanu, har ya ce ko gudu nake shirin yi. A babin ƙarshe na kashe telan a Ijora, nan cikin Legas, wani baƙo ya kai wa uwar makullin. Ina rubutawa ina kuka, ina kuma jin daɗi, don na san ranar da na tura shi ba wadda za ta ci abinci.

Wata Alhamis da safe ina dama koko, sai ga saƙo a zaure daga wata 'yar unguwar Idi-Araba da ban taɓa gani ba. Ta ajiye jarka, ta haɗo da babi na ɗaya. Tirelar shanu. Makulli a wuya. Akwatin da aka hana fasawa. Wallahi sai da na zauna a kan turmi, ludayi a hannuna.

Da mai hankali ce da ta kira Hajiya a gefe. Ni kuwa sai na ɗauki hoton babi goma sha ɗaya na littafina, na riƙe na ƙarshen, na watsa a zaure, na rubuta cewa wasu ba su da tsoron Allah. Nan fa aka yi mini ca. Wata ta ce takarda ai ba ta faɗin ranar da aka rubuta ta. Wata ta ce ina jarkata? Wata kuma, Allah ya yafe mata don ni na daɗe ban yafe ba, ta rubuta: "Ɓarauniya da ƙarfin hali." Na yi ta tunanin ta yaya mace a Idi-Araba za ta karanta abin da ke ƙarƙashin katifata. Na tuhumi 'yata, na tuhumi maigida. Ya ce, "Ni da ko telan ban sani ba, ki bar ni in sha kokona."

Hajiya ta yanke cewa mu biyu mu zo gidanta ranar Lahadi bayan azahar. Wadda aka kama da sata za a cire ta daga zaure, kuma ba mai ƙara karanta ko layi ɗaya nata. Kwana ukun nan ban ji daɗin komai ba. Zauren ne kaɗai wurin da ake kirana marubuciya, a ko'ina kuwa maman wance ce ni.

'Yar Idi-Araba ta iso a jiƙe da gumi, motar haya ta danfo biyu ta hau. Ƙarama ce, siririya, abinci take sayarwa kusa da babban asibiti. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina wuni?" Ladabin ya ƙara ba ni haushi, don na zo da shirin faɗa. An ɗauke wuta, ɗakin kamar tanda. Hajiya ta ce, "Ku cire mayafan nan ku sha iska, ba namiji a gidan." Muka cire, har da ɗankwali.

Hajiya ta dubi kaina, ta dubi nata, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Kitsonmu iri ɗaya ne sak: shuku, da ƙananan guda uku da suka lanƙwasa bayan kunnen hagu kamar ƙugiya. Mace ɗaya na sani mai wannan hannun.

Na ce, "Ke, wa yake miki kitso?"

Ta ce, "Wata Inna ce 'yar Nijar, tana zuwa layinmu duk Talata."

Ni ranar Asabar take zuwa mini. Nan take abin ya dawo mini tiryan-tiryan. Watanni baya, kaina a tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga tana ba ni labarin wani mutumin garinsu da shanun mahaifinsa suka ɓace a hannunsa, ya hau tirela ya gudu da makullin akwatin uwarsa a wuya. Na rantse da Allah na manta. Na ɗauka daga kaina dabarar ta fito, ashe ta saman kan aka zuba mini ita. Yarinyar ma ta rufe baki da hannu tana salati.

Inna ba nisa take ba, Hajiya ta kira ta. Ta shigo da tsinken kitsonta soke a ɗankwali, ta zauna ta saurari shari'ar duka. Da aka gama ta ce, "To ai Hajiya ba sai an wahala ba, ɓarayin biyu ne." Muka yi dariya har da hawaye, ni na fi kowa, don dutse ne aka sauke mini daga ƙirji.

Sai da dariyar ta lafa ta ce, "Amma ba wani mutumin garinmu ba ne. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta ce duk kan da ta kama a Legas sai ta ba shi labarin, ko Allah zai sa wata ta ce ta ga mutum da makulli a wuya. Tsohuwarsu tana nan da rai, akwatin ma yana nan a kulle. Sannan ta dube mu ta ce, "A naku labarin, ya koma gida?"

'Yar Idi-Araba ta ce ita ba ta kai nan ba tukuna. Ni kuwa littafina yana cikin jaka a kan cinyata, da babi na goma sha biyu a ciki. Kunya ta kama ni irin wadda ko kiran ɓarauniya bai sa ni ba. Na ce, "Ya koma, Inna." Ƙarya na yi, kuma ban yi nadama ba.

Hajiya ta rubuta a zaure cewa jarkar ta Inna ce tun kafin a buɗe zauren, mu biyu aro muka yi, don haka mu haɗu mu rubuta tare. Mai kirana ɓarauniya ta turo haƙuri, na ja mata aji na kwana biyu. Babin da na fi so kuwa, na goma sha biyun nan, da shi na hura gawayi washegari. Ya kama da kyau.

Daga nan aiki ya zama ni babi ɗaya, ƙanwata ta Idi-Araba babi ɗaya, don yanzu haka nake kiranta. Muna faɗa sosai, ita tana son soyayya, ni ina son wahala. Duk Asabar nakan karanta wa Inna tana kitso, kuma ba a taɓa yin mai gyara irinta ba. In abu bai yi mata ba sai ta ja gashin har in ce wayyo, ta ce, "Shi ba ya cin barkono, gyara."

Ranar da na kawo babin ƙarshe akwai sunan da za ni da la'asar, na ce ta yi sauri. Na karanta yadda ya sauka daga mota a bakin kasuwa, furfura a gemunsa, ya bi lungun da ƙafarsa ba ta manta ba. Ya yi sallama, tsohuwa ta ɗago. Ya ciro makullin daga wuyansa ya sa a akwati. Sai na ji hannun Inna ya tsaya a kaina.

Ta ce, "Ya buɗu?"

Na ce, "Ya buɗu, Inna."

Ta ce, "Sake karanta mini daga inda ya yi sallama."

Sau huɗu na karanta mata. Ran nan da rabin kitso na je sunan, na ɗaura ɗankwali na danne, kuma ban gaya wa kowa dalili ba.