Zanen Gobir a Hoton Sadisu

Shekara goma Sadisu, Bagobirin Tsibiri, yana gadin kanti a Paris kafin aiki ya kai shi Lyon, inda bai san kowa ba. Duk Lahadi yakan ɗauki kansa hoto da waya a bakin kogi, wayar ta gyara da kanta, har furfura ta share. Sai ya tura wa mahaifiyarsa.

Rannan tsohuwar ta aiko saƙon murya: "Ɗan nan, wane ne wannan kake ta turo mini? Ina zanen gidanmu?"

Ya duba. Ashe wayar ta ɗauka zanen kumatunsa tabo ne, ta shafe shi tas. Ya daɗe zaune shi kaɗai, yana bin zanen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.