Shayin Surukina a Ranar Tsere

Na fara gudu ne bayan na haura hamsin, kuma ba don sha'awa ba. Ni tela ne a kasuwar Agadas. Zaman kan keken ɗinki ya tara mini tumbi da ciwon kai, har ranar da na kife a kan rigar wani ina cikin yi mata wuya. Lokotoro a asibiti ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, in rage gishiri, in dinga tafiya da safe. Tafiyar ta gundure ni, sai na fara ƴar sassarfa a hanyar Arlit bayan sallar asuba. Kafin shekara ta zagayo ina iya barin gidajen ƙarshe a baya in dawo ban zauna ko sau ɗaya ba.

Ai kuwa gari ya samu abin magana. A nan babban mutum ba ya gudu sai in gobara ta tashi ko an biyo shi. Ƴan kabu-kabu sukan rage tafiya su ce, "Baba tela, wa ya koro ka? Hau mu tsere!" Su ban kula su ba, bakinsu ne. Wanda maganarsa ta ci mini rai shi ne surukina, mahaifin matata, tsohon falke da ya yi zamanin ɗauko gishiri daga Bilma a kan raƙuma. Bai faɗa mini da bakinsa ba, don tsakaninmu akwai kunya. Ƙanensa ya aiko ya ce in tuna ina da ƴaƴa mata da za a zo nema, in daina zubar da girmana a titi. Na ce na ji, kuma ban daina ba.

Da aka yi shelar za a yi tseren gari mai dogon zango, wanda ƴan boko ke cewa marato, na je na ba da sunana. Saurayin da ke raba lambobi ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya yi mini bayanin motar baya. Wata buɗaɗɗiyar mota ce da za ta biyo ƴan tsere a hankali. Duk wanda ta cim ma, tserensa ya ƙare, a cire masa lamba ya hau a kai shi filin da za a ƙare tseren. Labarin ya kai kunnen surukina, ya ce a gaban abokan hirarsa, "A bayan motar nan za a kawo shi kamar ragon layya." Kafin la'asar maganar ta iso rumfata. Na ajiye almakashi na rantse cewa ko da rarrafe ne, da ƙafata zan shiga filin nan.

Ranar tseren na sa wandon da na ɗinka wa kaina, mai sauka ƙasan gwiwa, don kada wani ya ce ya ga cinyata. Akwai sojoji, akwai ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, akwai samarin ƙauyukan duwatsu masu siraran ƙafafu waɗanda suka ɓace mana tun ba a je ko'ina ba. Ni na kama nawa takun, na ƙi bin na kowa. Muka fita bayan gari, muka juyo, rana ta fara cizo. A wani wurin ba da ruwa wata mata ta miƙo mini rabin lemun garin Timiya, na tsotse shi har ɓawo. Na wuce yaran da na haifi kamarsu suna zaune a gefen titi suna riƙe da ciki, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Motar tana can baya da nisa, sai dai in iska ta juyo in ji waɗanda ta kwasa suna waƙa.

Zangon ƙarshe ta cikin tsohon gari ya bi, ta gindin hasumiyar masallaci, sannan ya ratsa lungun da surukina yake. Na san da haka, amma ban damu ba, don a wannan lokacin kullum yana kasuwar dabbobi. Ina shan kwana sai na gan shi. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yana zaune da rawaninsa da abokansa, butar shayi tana kan garwashi. Ni yake jira.

Tunda na auri ƴarsa ban taɓa wuce shi da takalmi a ƙafata ba. Zuciyata ta ce in kau da kai in wuce, wa zai kama ni? Sai na tuna abin da zai faɗa, cewa gudu ya cinye mini tarbiyya, kuma wannan ba zan ba shi ba. Na tsaya, na kwance igiyar takalmi, na cire, na durƙusa a bakin tabarma.

"Barka da hantsi, Baba."

"Yawwa, barka kadai. An tashi lafiya? Ina gajiya?"

"Babu gajiya," in ji ni, numfashina yana fita kamar zugazugin maƙeri.

Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi keken ɗinki, ya tambayi tsohuwata da ke garin Tawa da ciwon ƙafarta. Ya tambayi maƙwabcina da ko gaisawa ba sa yi. Da ya ƙare sai ya koma kan yara. A wajenmu ƙarami ba ya yanke gaisuwa, babba ne ke sallamarsa, kuma tsohon nan ya fi kowa sanin haka. Abokansa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya a cikin rawani. Ina durƙushe ina jin cinyoyina suna sandarewa, ina jin ƙarar injin tana matsowa ta lungu.

Motar ta tsaya a bayana. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, ya ƙare, zo ka hau."

Surukina ya ɗauki ƙaramin kofi, ya zuba shayi daga sama har ya yi kumfa, ya miƙo mini da hannunsa. Bai taɓa yi mini haka ba. Wanda ya karɓi na farko kuwa sai ya jira na biyu da na uku, kowa ya sani.

"Karɓi ka sha," in ji shi. "Ka yi ƙoƙari. Mota za ta jira ka."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, har kunnuwana suka yi zafi. Na ɗaga kai na dubi fuskarsa, abin da ban taɓa yi ba a tsawon aurena.

"Baba, na gaishe ka yadda aka koya mini. Amma wallahi ba zan hau motar nan ba."

Ban karɓi kofin ba. Na dafa bango na miƙe, ƙafafuna suna ƙin miƙuwa, hannunsa yana nan a sama da shayin. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Subhanallahi!" Direban ya ce doka ce, sai na ba da lamba. Na fizge ta daga ƙirjina na jefa masa cikin mota, na ce, "Kai ta fili, mai ita yana tafe."

Na kwashi takalmana a hannu, don ko a cikin fushi ba zan sa su a gabansa ba. Da na sha kwana na so in mayar, sai na gane in na sake sunkuyawa ba mai tayar da ni. Haka na ci gaba da safa kawai, a kan yashi mai zafi da tsakuwa, sannan a kan titi. Motar ta wuce ni, waɗanda ke bayanta suna ihu, wasu na tsiya, wasu na "Allah ya ba ka, Baba!" Ba gudu nake ba a lokacin, wani abu ne tsakanin ɗingishi da taurin kai.

Da na shiga filin har an fara naɗe rumfuna, an raba kyaututtuka, manya sun tafi. Layin farar ƙasar da aka ja na ƙarshen tsere duk an tattake shi, da ƙyar na gane wurin. Na taka shi, na tsallake, sannan na zube. Matata tana nan da bido, jarkar ruwa, labari ya riga ni isowa.

"An ce ka bar Baba da kofi a hannu," in ji ta.

"Haka ne."

Ta durƙusa ta ɓanɓare safar da ta manne da jini, ta zuba mini ruwa a ƙafa, hawaye yana zubo mata. Ban tambaye ta ko don ni ne ko don mahaifinta ba.

Tun daga ranar surukina bai sake amsa gaisuwata ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci ina zuwa, in cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi. Yakan dubi carbinsa har in gaji in tashi da kaina. Abin yana yi mini ciwo, don ina ƙaunar tsohon nan, shi ya ba ni mata lokacin da ko keken kaina ba ni da shi. Yanzu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma ina tsoron ya tafi bai ce mini yawwa ba. Amma da za a mayar da ni bakin tabarmar nan yau, motar tana tsaye a bayana, wallahi zan sake barin kofin a hannunsa.