Hannun Azurfa a Wuyan Kakata

Jiya a wani kanti a unguwar Azizya na ga ɗan hannun azurfa irin na mutanen Tunis, wanda ake ratayawa a wuya don tsari, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai. Nata tsoho ne, ya yi baƙi, kullum yana ƙanshin turaren wuta. Wata baƙuwa 'yar Tunis ce ta ba ta, wadda kakata ta yi jinyarta da ta zo ziyara.

Wata rana yayana ya ce, "Hajiya, wannan shirka ce, ki cire."

Ta yi murmushi. "Ya waladi, ɗana, Allah ne mai tsarewa. Ƙawata nake tunawa."

Ta mayar da shi cikin riga, ta zuba masa shayi.

Allah Ya haɗa ta da ƙawarta a Aljanna.