Yatsu Biyun Da Na Baro A Sakkwato

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Wasu sun ce na samu duniya na daina kula mutane, wasu sun ce na mutu. Na biyun sun fi kusa da gaskiya.

Ga wanda bai san sana'ata ba: shekara goma sha tara ina ɗaukar hoton walda. Idan an haɗa bututu, ni nake naɗa fim a jikin haɗin, in haska shi da wani ɗan ƙarfe mai fitar da radiyeshin, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Hoton ne ke nuna ko akwai tsaga a ciki. Ƙarfen yana zaune cikin akwati mai nauyi. Kana tsaye daga nesa kana juya hannun inji, waya ta tura shi cikin tiyo. In ka gama ka juya baya, ya koma.

Doka ta ce bayan kowane hoto ka matsa da mitar auna radiyeshin a hannu, ita za ta tabbatar maka ya koma. Mu tsofaffin hannu ba ma yi. Juyi muke ƙirgawa, ashirin da biyu fita, ashirin da biyu komawa. Mai yawo da mita kuwa dariya muke masa, ni na fi kowa iya yi.

Ranar muna aikin bututun ban ruwa a bakin tafki, wajen Wara. Na ƙirga ashirin da biyu cif. Ashe wayar ce ta dawo ita kaɗai, ƙarfen ya ɓalle ya maƙale a bakin tiyon. Na kama bakin da hannun dama, na kwance, na naɗe tiyon a nitse. Sai da na kai shi mota mitar da ke kan kujera ta ɗau kuka.

Ba zafi, ba wari, ba komai. Da yamma na yi amai sau biyu, na ɗora wa kifin da na ci laifi.

A kwana na goma yatsuna suka yi ja, suka kumbura, suka yi bororo kamar na rungumi tukunya.

Na je wurin ogan kamfani. Kowannenmu yana da ɗan katin da ake maƙalawa a riga, mai nuna yawan hasken da ya shige ka. Namu a durowar ofis suke zama, wai don kada su ɓace. Ya ce an duba nawa, lafiyarsa lau. Ban yi mamaki ba, duk kamfanin babu wanda ya kai katin nan hutu.

Sai ya ce, “Malam, ka bincika dai, ko cikin danginku akwai mai irin ciwon nan.”

Kafin in dawo garinmu Yelwa maganar ta riga ni. Kuturta.

Mai shayin da na fi shekara goma ina zama a bencinsa ya ware mini kofi, ya ɗaura masa jan zare. A majalisarmu, inda muke haɗa hannu a kwano ɗaya bayan azahar, aka zuba mini nawa daban, har da cokali. Ba wanda ya faɗi kalmar. In na miƙa hannun gaisuwa, sai mutum ya tuna yana da waya a aljihu.

Matata Hajara ce ta kai ni wani babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya tambaye ni me na taɓa. Da na faɗa masa sai ya ajiye bironsa. Ya ce wannan ƙuna daga ciki take ci, kuma ba wanda zai ce ga inda za ta tsaya.

Kullum da safe a ɗebi jini. Kullum a wanke ciwo, ina cizon tawul, ni da nake ganin na karanta littattafan haƙuri da yawa. Kowace Litinin likita yakan zana layi da biro a iyakar naman da ya mutu. Litinin ta gaba sai ya zana sabo, sama da na baya. Ya ce in ya kai wuyan hannu, hannun zai tafi duka.

Ban taɓa jin tsoron abu kamar biron nan ba.

A wata na biyu firizar kifin Hajara ta tafi wajen magani. Daga kamfani, gaisuwa aka aiko.

A mako na bakwai layin ya tsaya. Aka cire manuniya da na tsakiya, aka yanko fata daga cinyata aka rufe tafin.

Ranar da na dawo gida, mahaifiyata Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda kowa zai gani. Ta ajiye kwanon tuwo ɗaya, ta zauna. Na kai hannu ga cokali, ta ɗauke shi.

“Da yatsa ukku aka ce a ci, kai an sawwaƙe maka. Sa hannu.”

Rabin lomar ya zube a rigata. Ta ci gaba da ci daga gefen da na taɓa.

Alhamdu lillahi, ciwo ya rufe, jini ya daidaita. Na gode wa Allah, da Inna, da Hajara, da likitan nan da ma'aikatan jinyar da suka sha zagi daga bakina suna murmushi.

Abokan sana'a, ku riƙe mita, ku daina ƙirga juyi. Katinku ya zauna a ƙirjinku. In kun taɓa abin, ku tafi asibiti a ranar, ku faɗi abin da kuka taɓa, ko da oga ya ce a rufa asiri. Wanda kuma ya tsinci ɗan ƙarfe mai ƙyalli kusa da wurin irin aikinmu, kada ya sa a aljihu. Ya matsa nesa, ya sanar.

Sauran jama'a, ciwon nan ba a ɗauka. Idan mun haɗu a kasuwar Yelwa zan miƙo hannu. Kada ka yi gaggawa, na saba jira.