Brahim da Kifin Kududdufi

Brahim maginin ƙasa ne a bayan garin Garwa, ta hanyar Pitowa. Sana'ar buga tubali ya gada wurin mahaifinsa, kuma duk gidan da ya tsaya a unguwarsu, da wuya ka rasa hannunsa a jikin katangarsa. Sai dai inda aka ɗebi ƙasa, rami ake bari. Da damina ta sauka, ramukan Brahim sukan cika su zama kududdufai, sauro ya samu wurin haihuwa.

Maƙwabciyarsa Madam Viviane ma'aikaciyar jinya ce. Wata safiya tana hanyar zuwa aiki ta tsaya bakin babban ramin, ta kamfaci ruwan a gwangwani ta miƙa masa. Ya leƙa, ya ga wasu 'yan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil.

Ta ce, "Baba Brahim, 'ya'yan sauro ke nan. Yaran unguwar nan da ake kawo mana da zazzaɓi sun yi yawa bana."

Abin ya taɓa shi. Ya ce, "To Madam, in cike ramin? Ƙasar ai ta zama gidajen mutane."

Ta yi dariya ta ce ba sai an cike ba, ta ji cewa kifi na cinye tsutsotsin.

Brahim bai iya iyo ba, bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Amma matarsa Halime 'yar garin Maga ce, cikin masunta ta tashi. Ita ta aika wa ƙaninta, aka zo musu da ƙananan karfasa a jarka. Karon farko bai yi ba. Ya haɗa su da tarwaɗa don yana ganin yawa ya fi, tarwaɗar ta bi karfasar ta lamushe. Halime ta yi masa tsiya har ta gaji, sannan ta nuna masa yadda zai raba su, kowanne da raminsa. Da rani kuma ruwa ya janye, sai ya haƙa kusurwa ɗaya da zurfi, ya yi mata rumfar zana, 'yan iri suka tsira a nan har wata daminar.

Sauro bai ƙare a unguwar ba, har yau kowa cikin gidan sauro yake kwana. Amma ana iya zaman hira a ƙofar gida ba tare da ana ta marin ƙafa saboda cizon sauro ba. Masu ramuka daga wasu unguwanni suna zuwa da bokiti neman iri, shi kuwa ba ya hana kowa, sai dai ya ja kunne kan tarwaɗa.

Yanzu ƙarfi ya ragu, ya bar wa 'ya'yansa kwaɓa ƙasa. Da hantsi za ka same shi a bakin ruwa da ƙwaryar dusa, yana watsa wa kifayen kaɗan-kaɗan, don kada su ƙoshi su manta da aikinsu.